Ta ina ake fara gyaran gine-ginen kwaleji idan ɓarna ta yi yawa, kuɗi kuma kaɗan?

Tambayar ta zo ne daga wata malama da ke koyarwa a wata kwalejin gwamnati a nan jihar Katsina. An sa ta cikin kwamitin da zai tsara gyaran gine-ginen makarantar na shekara biyar masu zuwa. Ta ce azuzuwa na yoyo, banɗakunan ɗakin kwanan ɗalibai mata sun toshe, bangon ɗakin gwaje-gwaje ya tsage, amma a zaman farko na kwamitin magana ta ƙare ne kan sabuwar ƙofar shiga da babban ɗakin taro. Gini ba fanninta ba ne. Tana son sanin ta ina ake farawa, daga ina kuɗi ke fitowa, da yadda za a yi kada aiki ya tsaya a rabi.

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya taya ki riƙo. Na yi shekaru ina aikin ƙididdigar gini a sashen ayyuka na manyan makarantu, kuma abin da kika gani a zamanku na farko na sha ganinsa. Kada rashin sanin gini ya sa ki yi shiru a kwamitin. Yawancin abin da ake bukata a matakin da kuke ido ne da littafi da haƙurin zagaye.

Ku ajiye maganar kuɗi tukuna. Kwamitin da ya fara da tambayar nawa za a ba mu, ƙarshenta yakan raba kuɗin ne bisa ƙarfin muryar shugabannin sassa. Abin da za ku fara yi shi ne ku san abin da kuka mallaka da halin da yake ciki. Ku ɗauki daraktan ayyuka, da injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta COREN, da mai ƙididdigar gini, da mai gyaran wuta, da mai gyaran famfo, ku bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya. Ku tafi da mai shara da maigadin kowane gini, don su suka san inda ruwa ke kwanciya da kusurwar da wuta ke tartsatsi. Kowane gini a ba shi shafinsa: shekarar da aka gina shi, faɗinsa, abin da ake yi a ciki, yawan mutanen da ke shigarsa a rana, sannan halin rufi, bango, daɓe, ƙofofi da tagogi, wayar wuta, ruwa da bayi. A ɗauki hoto, a rubuta kwanan wata. Wannan littafi shi ne jarin kwamitinku. Shugaba zai gama wa'adinsa ya tafi, hukumar gudanarwa za ta sauya, amma littafin yana nan, duk wanda ya zo daga nan zai ɗora.

Zagayen nan sau biyu ake yin sa, ɗaya da rani, ɗaya a tsakiyar damina, cikin watan Agusta, ana gama ruwa. Ginin da kika gani garau a watan Fabrairu, ki dawo masa bayan ruwan dare ki ga abin da yake ɓoyewa. Kuma a sa tsani a leƙa cikin silin. A wata kwaleji da na yi aiki, akwai wani ɗakin lacca da aka yi wa fenti, aka sa masa sababbin fankoki da kujeru, kowa na yabawa. Da na hau na ɗaga allon silin guda, warin kashin jemage ya fara tarbata. Na haska tocila, na ga hanyoyin gara jajaye sun bi katakon rufin tun daga bango har tsakiya. Na soka sukundireba a jikin wani katako mai kauri, ta shige har mariƙi ba tare da na sa ƙarfi ba, gari na zubo mini a hannun riga. A ƙarƙashin wannan rufin ɗalibai kusan ɗari uku ke zama kullum. Ranar muka rufe ɗakin. Duk kuɗin fentin da silin ɗin sun tafi a banza, don sai da aka sauke komai kafin a sa sabon rufi.

Idan kun gama zagaye, za ki ga jerin ya yi tsawon da zai karya zuciya. A nan ne aikin kwamiti na gaskiya yake, wato wanne za a fara, wanne zai jira. Abin da zai iya kashe mutum ba ya shiga layi, a take ake rufe wurin ko a tokare shi: rufin da gara ta cinye, rufin kankare, wato dakin, da ke ɓamɓarowa har rodi ya bayyana da tsatsa, wayar wuta tsirara, ramin masai da murfinsa ya tsage, ɗakin kwanan ɗalibai mai ƙofa ɗaya da tagogi duk an yi musu waldar ƙarfe. Wannan na ƙarshe ina so ki riƙe shi da kyau. Ana sa ƙarfen ne don tsaro, kuma da dalili, amma idan gobara ta tashi da dare ta wajen ƙofar, ta ina 'ya'yan mutane za su fita? Ƙofa ta biyu mai buɗewa ta waje ba ta da tsada.

Bayan wannan sai ruwa. Idan abu ɗaya za ki ɗauka daga amsar nan, to ki ɗauki wannan: a ƙasarmu ruwa ne ke cin gini, kuma duk nairar da aka kashe a cikin ɗaki alhali rufinsa na yoyo, an zubar da ita. Mutane kan yi mamaki in na faɗi haka, wai ai Katsina ba ta da ruwan sama kamar kudu. Gaskiya ne daminarmu gajera ce, amma dubi yadda take zuwa. Wata bakwai ko takwas rana na gasa kwano, da rana ya buɗe, da dare ya tsuke, ramukan ƙusa su yi ta faɗi. Ƙurar hunturu da ganyen bedi su cika indararo da magudanar da ke bayan katangar rufi. Sai ruwan farko ya zo a watan Mayu ko Yuni da guguwa a gabansa, ta sami kwanon da ƙusarsa ta saki, ta ɗaga shi, wani lokaci har da katakon gaba ɗaya idan ba a ɗaure shi da langa-langa ko rodi a jikin kankaren saman bango ba. Wanda bai tashi ba, ruwa ya taru a magudanar da ta toshe, ya sami hanya ta cikin bango. Daga nan silin ya jiƙe ya lotsa, danshi ya kira gara, waya ta jiƙe, filasta ta kumbura, fenti ya ɓare. Idan dakin kankare ne, ruwan ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi, ita ke fasa kankaren daga ciki. Ɓarnar da ta fara da ƙusa goma da kwandon ganye, bayan damina huɗu ta zama aikin miliyoyi.

Ruwan ƙasa ma haka. Ki duba gindin bango ta waje. Idan ruwan da ke zubowa daga rufi ya haƙa rami a jikin ginin, ko ƙasar wurin ta karkato wajen bango maimakon ta gangara nesa da shi, to tushe na shan ruwa. Daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya kewaye da gini, da lambatu mai kai ruwa nesa, sun ceci gine-gine da yawa da aka yi niyyar rushewa. Tsagar da kika ce tana bangon ɗakin gwaje-gwaje, ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, wadda ta tsaya a filasta, ba komai. Wadda ta bi layin bulo a karkace kamar matakala, ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, kuma ana ganinta ciki da waje, wannan alama ce tushe ya motsa. A liƙa mata ɗan siminti a wurare biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan wata biyu. In liƙin ya tsage, ginin na ci gaba da motsi, sai injiniya ya haƙa ya ga dalili kafin a taɓa komai. Sau da yawa za a tarar bututun ruwa ne ya fashe a ƙasa, ko saiwar bishiyar da aka dasa dab da bango.

Na uku a wurina bayi ne da ruwan sha. Ba a kai baƙi wurin, shi ya sa ake mantawa da shi, amma ɗalibar da ke kwana a makaranta da shi take auna darajar da aka ba ta. Kafin ku sayi sababbin tukwanen masai, ku tambayi ina ruwan da zai wanke su. Na ga banɗakuna masu tayil da aka buɗe da biki, bayan zango ɗaya aka sa musu kwaɗo, saboda tankin sama babu ruwa, injin rijiyar burtsatse na jiran wutar KEDCO ko man janareta. Famfo mai aiki da sola, da tanki isasshe, da ramin masai da aka auna shi da yawan ɗaliban da ke wurin yau, ba na shekarar da aka gina ɗakin ba, su ne gyaran. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu yanzu takwas ke ciki, ramin kuwa bai ƙaru ba. Kuma masai na tsuguno ya fi jure yawan jama'a da ƙarancin ruwa, ya fi dacewa da yadda mutanenmu ke tsarki da buta. A bar na zama ɗaya ko biyu don masu lalura.

Sai abin da hukumomin tantance kwasa-kwasai ke dubawa, NBTE ga kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi. Ku nemi jadawalin zuwansu na shekara biyar ɗin nan ku jera shi kusa da jerin gyaranku. Idan sashen kimiyya ne za a tantance baɗi, ɗakin gwaje-gwajensa ya hau gaba, don kwas ɗin da ya rasa amincewa ɗalibai yake korewa, kuɗin shiga ya ragu. Ba a fafe gora ranar tafiya, gyaran da ake yi saura mako biyu baƙi su iso tsadarsa ninki ce, ingancinsa rabi. Akwai kuma dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Duk ginin da za ku taɓa, a sa masa gangaren keken guragu da ƙofa mai faɗi a cikin aikin. Fenti da tayil da labule su zo a ƙarshe.

Wata tambaya da za ta taso: wannan ginin a gyara shi ko a rushe? Akwai lissafi mai sauƙi. Mai ƙididdiga ya fitar da kuɗin gyara duk abin da ya lalace a ginin, ya kuma fitar da kuɗin gina irinsa sabo a farashin yau, a raba na farko da na biyu. A ce rukunin azuzuwa zai ci naira miliyan 200 in za a gina shi sabo, gyaransa kuma miliyan 30, wato kashi 15 cikin ɗari. Wannan gyara ne ba gardama. In gyaran ya doshi kashi 60 ko 70, kuma matsalar a tushe take ko a ginshiƙai, sai a zauna a yi tunani. Amma ina ja miki kunne kan saurin yanke wa tsohon gini hukunci. Gine-ginen makarantu da yawa na shekarun 1970 da 1980 bulonsu ya fi na yanzu nauyi, rufinsu na da tsawo, tagoginsu na kallon juna iska na ratsawa, ga baranda mai tare rana. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗalibi ya fi samun sauƙi a cikinsu fiye da sabon gini mai gilashi da ke jiran na'urar sanyaya ɗaki da babu wutar kunna ta. Ki je ki ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Ginin ƙasa ne, ya haura shekara ɗari yana tsaye. Iyayenmu da ke zaune a ginin ƙasa kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai sun hau soro sun yi yaɓe sun share indararo. Da siminti ya zo sai muka ɗauka an gama da wannan wahalar.

Abu ɗaya game da tsofaffin gine-ginen: da yawansu silin ɗinsu ko rufinsu na asbestos ne. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce ke illa ga huhu, har da cutar kansa, kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Kada a bar leburori su farfasa shi da guduma su share da tsintsiya. A jiƙa shi, a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da an karya ba, masu aikin su rufe hanci da abin kariya na gaske, ɗalibai su yi nesa. A rubuta wannan a cikin takardar kwangila da kuɗinsa.

Yanzu kuɗi. A Amurka, kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu sukan je wa mutanen yankinsu a kaɗa ƙuri'a a amince su ci bashin gini, a riƙa biya daga harajin gidaje. Mu ba mu da wannan hanya. Tamu huɗu ce, kuma kowace da halinta.

Babbar ita ce TETFund. Asalinta asusun harajin ilimi ne da aka kafa a 1993, dokar 2011 ta mayar da shi na manyan makarantun gwamnati kaɗai. Kuɗinsa daga ribar kamfanoni yake fitowa, da farko kashi 2 cikin ɗari, dokar kuɗi ta 2021 ta kai shi 2.5, ta 2023 ta kai shi 3. Ana raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi, na tarayya da na jihohi. Ki lura da wannan rabon, don waɗannan ukun doka ta ambata. Saboda haka ki fara tambayar ma'ajin makarantarku ko kuna cikin masu cin gajiyar asusun, kada ku gina tsari kan kuɗin da ba naku ba. In kuna ciki, ki san cewa takardar da ke cewa an ware muku kaza ba kuɗi ba ce a hannu. Sai kun kai zane da ƙididdiga an amince, kun yi tanda, wato gasar neman kwangila, bisa ƙa'ida, sannan a saki kashi 50 na aikin gini, a zo a duba a saki 35, a kammala a saki 15. Makarantar da ta bar tsohon aiki a rataye, ko ta kasa kawo bayanin yadda ta kashe na baya, ita ke tare wa kanta na gaba. Shi ya sa nake cewa kwamiti irin naku ya kasance kullum yana da ayyuka biyu ko uku da zanensu da ƙididdigarsu ke shirye a cikin durowa. Ranar da takarda ta zo, sabunta farashi kawai za a yi.

Ta biyu kasafin jiha, ta hannun ma'aikatar da ke kula da ku. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, kuma tun tsakiyar shekara ake fara neman bukatun hukumomi, don haka jerinku ya isa teburin shugaban kwaleji kafin lokacin. Ganin aiki a littafin kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Kada a yaye rufin gini saboda an ga sunansa a kasafi. Wanda ya je kare kasafi gaban majalisa da hotuna da ƙididdiga da adadin ɗaliban da abin ya shafa ya fi samun kunne fiye da wanda ya je da layi ɗaya mai cewa gyaran gine-gine.

Ta uku kuɗin shigarku na cikin gida. Ba su da yawa, amma su kaɗai ne a hannunku, kuma su ya kamata su riƙe kulawar yau da kullum. A 1990 wani kwamitin masana na majalisar bincike ta ƙasar Amurka ya ba da shawarar a riƙa ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na kuɗin sake gina gine-ginen gwamnati kowace shekara don kula da su. In gine-ginenku duka za su ci biliyan 5, kashi 2 miliyan 100 ke nan a shekara. Na san ba za ku iya ba. Amma ku fitar da adadin ku nuna wa hukumar gudanarwa, ta san girman giɓin da ake tarawa duk shekara. Sannan ku nemi a keɓe ko da kaɗan ne a layin kasafi na daban wanda ba a taɓawa don tafiye-tafiye ko bikin yaye ɗalibai. Da shi za a riƙa share magudanu a watan Afrilu, a bi ƙusoshin rufi, a yi feshin gara, a kwashe masai kafin ya cika, a sauya famfon da ke ɗiga. Kafinta biyu da mai gyaran famfo ɗaya da ke da kayan aiki a sito sun fi kwangilar gyara da ake bayarwa bayan shekara goma.

Ta huɗu masu hannu da shuni, da tsofaffin ɗalibai, da 'yan majalisa masu ayyukan mazaɓu. Kusan dukkansu sabon gini suke so, wanda za a rubuta suna a goshinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Ku dai ku tarbe su da jerinku a hannu, kowane aiki da farashinsa, ku ce ga ɗakin karatu na bukatar rufi, in Alhaji ya yi, allon sunansa zai hau nan. Da yawa za su karɓa, musamman in aikin ruwa ne, don kowa ya san ladan shayarwa. Kuma duk sabon ginin da za a ba ku kyauta, ku tambayi kanku wa zai biya wutarsa da shararsa da gyaransa.

Farashi shi ne ramin da ayyuka suka fi faɗawa a 'yan shekarun nan. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, buhun siminti da ake saya wajen naira dubu biyar ya haura dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024. Rodi da kwano da waya duk suka bi. Ƙididdigar da ta wuce wata shida a durowa sai an sabunta ta kafin a yi tanda. Ku sa kuɗin ko-ta-kwana, kuma a aikin gyara ya fi na sabon gini yawa, ni ba na yin ƙasa da kashi 15, don sai an buɗe silin ko an fasa daɓe ake ganin sauran ciwon. A takardar kwangila a fayyace tun farko yadda za a yi in farashi ya tashi, da wanda ke da ikon amincewa da ƙarin aiki, a rubuce. Sannan ku yanka aikin gunduwa-gunduwa yadda kowace gunduwa in an gama ta za a iya amfani da ita ko da kuɗin gaba bai zo ba. Gara a gama gini biyu tsaf, ɗalibai su shiga, da a yaye rufin gini shida a bar su damina ta same su a buɗe. Na taɓa ganin haka, kuma ginin da aka yaye don a gyara ya fi wanda ba a taɓa ba lalacewa.

Lokacin aiki ma tsari ne. Takardu da tanda a yi su da damina, aikin rufi ya fara a Oktoba, a rufe kafin ƙarshen Afrilu. Da damina leburori da yawa sun koma gona, yashi na wahalar ɗebowa daga rafi, mota na kafewa. Da bazara kuma ruwa ke wuya, kankare da filasta kuwa suna son a yi ta ba su ruwa aƙalla kwana bakwai, ƙarfinsu bai cika sai wajen kwana 28. In ba a sa kuɗin tankar ruwa a lissafi ba, ɗan kwangila zai yayyafa sau biyu ya wuce, bayan shekara ki ga daɓe na tashi kamar garin kwaki. Ku duba watan azumi, aikin ƙarfi na raguwa. Ku duba jadawalin jarrabawa. Kuma kafin a taɓa ɗakin kwana ko aji, a san inda za a kai masu shi. Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, ita ce kuma ke jawo rigima da ɗalibai.

Kan bayar da kwangila ba zan tsawaita ba, akwai doka. Makarantun tarayya da ayyukan kuɗin tarayya na bin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, jiha kuma na da tata dokar da ofishinta. Dokar ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15, gyaran 2020 ya kai shi 30 ga 'yan kwangilar gida, kuma ba a bayarwa sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Mafi arha ba lalle shi ne mafi dacewa ba. Wanda ya zo da farashin da ya yi ƙasa sosai da ƙididdigarku, ko dai zai gudu ko zai rage kaya. Ku je ku ga aikin da ya yi shekara uku da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. In aiki ya fara, kada a biya sai an auna abin da aka yi a wurin. A sa ma'auni a gwada kaurin kwano da na rodi ranar da aka sauke su, a ɗaga bulo a sake shi daga tsayin ƙirji a ga ko zai wargaje, a tabbata an shafa wa katako maganin gara kafin ya hau, in kuma da hali a yi rufin da ƙarfe. A riƙe kashi 5 na kuɗin har lokacin gyara kurakurai ya wuce. An saba wata shida ne, amma a aikin rufi ku rubuta cewa sai damina guda ta wuce a kansa.

Maganar ƙofar shiga da ɗakin taro kuwa, kada ki yi faɗa da kowa a kai. Masu son su ba mugaye ba ne, suna son makarantar ta yi kwarjini, kuma in katanga da ƙofa na da nasaba da tsaron ɗalibai, a halin da jiharmu ke ciki wannan bukata ce ta gaske, sai a auna ta da sauran. Abin da za ki roƙa a zama na gaba abu biyu ne. Na farko, kwamiti ya amince da ma'aunin fifiko a rubuce kafin a ambaci sunan kowane gini, don da zarar an fara kiran sunaye kowa sashensa zai kare. Na biyu, a ɗage zaman zuwa waje, 'yan kwamiti duka su taka da ƙafarsu, a fara da bayan ɗakin kwanan ɗalibai mata, a ƙare a ɗakin gwaje-gwaje. Ki sa a tanadi tsani da tocila, ki kuma gayyaci shugabar ɗalibai mata ta yi muku jagora.